Ga masu son buga tsofaffin wasannin DOS a kwamfutar yau

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya samo tsohon wasa irin su Paratrooper na 1982 ko Sopwith na 1984, ya danna ya ga Windows ta ƙi buɗe shi, kada ya goge, wasan lafiyarsa ƙalau. DOSBox zai sauke, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta mai DOS (tsarin da ake amfani da shi kafin Windows), kyauta ce.

Ka tara wasannin a folda guda mai gajeren suna, misali C:\wasa. In ka buɗe DOSBox ka rubuta mount c c:\wasa, sannan c: sannan sunan fayil ɗin da ke buɗe wasan, kana danna Enter bayan kowanne.

Inda akasari ake cijewa shi ne gudu. An tsara waɗannan wasanni ne kan IBM PC mai saurin 4.77 MHz, wasunsu kuma da saurin injin suke auna lokaci. Shi ya sa kafin ka ƙifta ido jirgin da kake tuƙawa a Sopwith ya rigaya ya faɗi. Danna Ctrl da F11 har ya lafa, in ya yi nawa ka ƙara da Ctrl da F12.

In ka ga launi huɗu kawai a allo kuwa, kada ka wahalar da kanka wajen gyara, haka CGA, katin nuna hoto na kwamfutocin wancan zamani, yake nunawa. Alt da Enter ke cika allo.