Ƙurajen balaga: kurakuran da ke bar wa matasanmu tabo a fuska

Ƙurajen da ke feso wa yaro ko yarinya a fuska daga wajen shekara 12 zuwa sama ba ƙazanta ke kawo su ba, ba kuma dattin jini ba ne. Idan balaga ta kankama, jiki yakan ƙara fitar da sinadaran da ke sa fata yawan maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata su toshe ƙofar gashi, wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, sai wurin ya kumbura ko ya tara ruwa. A wurin mutane da yawa sukan lafa bayan an haura shekara 20. Abin da ke daɗewa shi ne baƙin tabo da ramuka, kuma da yawansu gaggawarmu ce ke jawo su.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne man tub. Yarinya ta shiga kemis ko shagon kayan shafa a babbar kasuwar Sakkwato ta ce, "Malam, a ba ni maganin ƙurajen fuska," sai a miƙo mata ɗan tub, ko wani haɗi a cikin roba da ba ko suna a jikinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi da aka yi don wasu cututtukan fata na daban, a shafa na ɗan lokaci bisa umarnin likita. A makon farko kumburi ya kwanta, fuska ta yi fes, ƙawaye su fara tambayar me take shafawa. Bayan 'yan watanni sai ka ga fuskar ta fi wuya da kunnuwa haske, fatar ta yi laushi har ana hango siraran jijiyoyi a kumatu, ga wasu ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya sun cika goshi da haɓa. Ranar da ta daina kuwa fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, sai tsoro ya mayar da ita kan man. Garin gyaran gira ake rasa ido ke nan. Ba banza ba hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana shafa man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Gyaran a nan shi ne a karanta jikin kwali kafin a biya kuɗi, in an ga ɗayan sunayen nan a ajiye. Haɗin da ba a san abin da ke ciki ba kada ya taɓa fuska, ko da mai gyaran jikin amare ce ta ba da shi. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa ta je asibiti a tsara mata yadda za ta rabu da shi, domin fatar takan yi bore na wasu makonni kafin ta dawo daidai.

Sai matsa. Saurayi ya kunna kyamarar waya, ya sa farce biyu ko tsinken ashana yana tatsar ƙurji har sai jini ya fito. Wani sashe na abin da yake son fitarwa ciki yake komawa, kumburin ya ƙaru. Fatarmu ta baƙar fata kuma duk inda ta ji rauni sai ta tara baƙi a wurin. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda ya bar tabon da zai yi watanni. Masu jikin da tabo ke tudu a kansa, musamman a ƙirji da kafaɗa da muƙamuƙi, su suka fi kowa bukatar kame hannu. Idan ƙurji yana zugi, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora na 'yan mintuna, a ƙyale shi.

Akwai kuma masu dirzar fuska da soso da sabulun wanki, sau biyar ko shida a rana, don sun ɗauka baƙin kan nan da ke hanci dauɗa ce. Maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi duhu, dirza ba ta cire shi, sai dai ta ƙara fusata fatar. Wanke fuska da sabulu marar kaifi safe da dare ya wadatar, da yatsu kawai, a tsane da tawul ɗin da ba a haɗa shi da kowa. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, shi ba ya ɓata komai. Lemon tsami da makilin da toka da tafarnuwa kuwa ƙona fata suke yi, kowane ƙuna kuma tabo ne.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hannun. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, gumi ya taru a ƙarƙashin hula da bakin hijabi, ga ƙurar da mai hawa kabu-kabu ke kwasa. A riƙa sauya hijabi da ɗankwali da rigar filo a kai a kai, a fi zaɓar na auduga. Lokacin hunturu kuma, saboda kaushi, sai a lafta basilin ko man kitso har goshi. Ku duba mai ƙananan ƙuraje jere a bakin gashi, sau da yawa man kai ne ya gangaro. Mai kauri a bar wa ƙafa da hannu, fuska a nema mata mai marar nauyi. Rana kuma tana ƙara wa tabo duhu, don haka lema ko man kariya daga rana ba ƙyale-ƙyale ba ne.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun sha zargi a gidajenmu, alhali ba wata hujja mai ƙarfi a kansu. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne yawan sukari da lemon kwalba, sai madara a wurin wasu. Ba na ganin dalilin hana yaro mai tasowa fura da nono, sai in shi da kansa ya lura suna tayar masa.

Maganin da ke aiki yana nan, ba shi da sauri ne kawai, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. Maganin shafawa benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100 yana kashe ƙwayar cutar. Adapalene mai kashi 0.1 yana buɗe ƙofofin da suka toshe, da dare ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ga dukkan fuska, ba kan ƙurji kaɗai ba. A fara da tsallake rana ɗaya, domin da farko fata takan bushe ta ɗan yi saɓa. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake fara ganin sauyi, cikakken amfani kuma wajen mako 12. Wanda ke sauya magani duk Juma'a bai ba ko ɗaya damar aiki ba. A kula, benzoyl peroxide yana cinye launin tufa, sai a kwanta a kan farar rigar filo.

Kafso irin doxycycline ko tetracycline ba abin saye da ka ba ne. Likita ke rubuta su na 'yan watanni tare da na shafawa, shan su barkatai kuma yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Matan aure masu ƙuruciya su riƙe wannan da kyau: mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su, ba ta shafa adapalene, isotretinoin kuwa, wani maganin ƙuraje mai ƙarfi da ake sha, yana nakasa jariri a ciki.

Iyaye, abin nan yana ci wa yara rai fiye da yadda suke faɗa. "Ai girma ne, aure yake so" wasa ne a bakin Gwaggo, amma yarinyar da ta koma rufe fuska tana gudun shiga aji ba wasa take ji ba, kuma irin wannan kunyar ce ke kai ta wurin mai haɗi a ɓoye. Idan ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo, ko suna barin ramuka, ko an yi wata uku ana magani ba sauƙi, a kai yaro wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka ma budurwar da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada ko gashi a haɓa, domin tana bukatar a duba ta sosai. Ranar zuwa a kwashi duk tub da roba da sabulun da aka taɓa amfani da su a tafi da su, likita ya gani da idonsa.