Ciwon wuyan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: inda ake tafka kuskure

Mutane da yawa ba sa gane wuyansu ya riƙe sai an zo sallame salla: dama da ƙyar, hagu kuwa sai an haɗa da kafaɗa. Masu ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya sun san wannan, haka ɗaliban Samaru da Kongo da ke kwana duƙe kan littafi da waya. Kan babban mutum ya kai kilo 5, ƙasusuwa 7 ne kuma ke ɗauke da shi. Ciwon da ya haura wata 3 ya zama daɗaɗɗe, kuma dabarun ciwon kwana biyu ba sa kama shi.

Babban kuskuren shi ne miƙa wuya, a zahirin kalmar. Mutum ya kwanta a yi masa tausa, a shafa man zafi, ya tashi wasai, bayan kwana uku ciwo ya dawo, ya ce maganin bai karɓe shi ba. Ai tausa ba laifi ta yi ba. Aikin hannu, musamman irin na likitan fisiyo da ke motsa gaɓoɓin wuya a hankali, yana sassauta ciwo ya buɗe hanyar juyawa. Amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, ga shi raunin ƙananan tsokokin gaban wuya da na allon kafaɗa na cikin abin da ke dawo da ciwon. Gyaran shi ne a haɗa biyun: hannun likita, sannan atisayenka a gida. Zauna ka miƙe baya, ka ja haɓa baya ba tare da sunkuyawa ba, ka riƙe daƙiƙa 5, ka maimaita sau 10. Ka matse allunan kafaɗa baya. Ka juya kai dama da hagu a hankali zuwa inda ya tsaya. Idan kana son ka riƙa tunawa, ɗaura shi a bayan salloli.

A nan ma akwai tarko. Wani ya yi sati ɗaya ya watsar, alhali tsoka na buƙatar sati 6 zuwa 12 kafin canji ya zauna. Wani kuma da ya ji ɗan tsami sai ya tsorata. Tsamin da ya lafa kafin washegari ba komai ba ne. Zafin da ke harbawa cikin hannu shi ne na dakatawa.

Sai ƙwas ɗin wuya da ake yi wa mutum a shagon aski. Ban san wanda ya ɗora wa masu aski wannan aiki ba. Ƙarar ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a ruwan gaɓa. Wasu daga cikin jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa kuwa ta cikin ƙasusuwan wuya suka bi, kuma fizga da ƙarfi kan iya yaga su har a samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai ba ne, amma me ya kai ka? Ka ce masa: "Maigida, askin ya isa."

Abin ɗaure wuya na soso, idan aka maishe shi kamar rawani, ƙara sangarta tsoka yake yi. Shan maganin ciwo irin su Diclofenac kullum kuma ciki da ƙoda ne ke biyan bashin. Filo biyu ko uku, ko kwanciya rubda ciki, a bari. Filo ɗaya da ya cike tsakanin kunne da kafaɗa ya wadatar. Hoton ƙashi ma kada ya kashe maka gwiwa, don zaizayewa na fitowa a hoton dattawa da yawa da ba sa jin ciwon komai.

Akwai wuyan da ba na atisaye ba ne. Sanƙarewa da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman a bazara, a yi tunanin sanƙarau a garzaya asibiti. Haka idan hannu na mutuwa, cokali na suɓucewa, ƙafa na harɗewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur. Irin wannan kada a fara da mai ɗori ko ƙaho. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin ƙashi da sashen fisiyo, can za a fara duba jijiyoyin kafin kowa ya taɓa wuyan.