Yadda ake ware robobin abinci da ledoji a gida kafin a kai wa 'yan jari-bola a Jos

Idan mai sikeli ya leƙa buhunka ya ce "wannan ai shara ce", galibi ba wulaƙanci yake yi ba. Gorar lemo, jarkar man gyaɗa, robar tekawe da ledar fiya wata kowace da irin zafin da take narkewa, kuma idan aka markaɗa su tare a inji, abin da zai fito ba ya ƙeruwa, tsagewa yake yi. Shi ya sa aikin yake farawa daga kicin, a lokacin da aka cinye abin da ke cikin robar. In ta riga ta shiga bola ta haɗu da miya da toka, ta rage daraja.

Ka samu tsofaffin buhunan shinkafa guda uku ka rataye a inda ruwan sama ba ya taɓawa: ɗaya na goruna, ɗaya na roba mai tauri, ɗaya na leda.

Daga nan sai ka koyi duba gindin roba. Akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lamba 1 ita ce PET, wato gorar ruwa da ta lemo, kuma ita ta fi kasuwa. Lamba 2 ita ce ta jarka da wasu gorunan yogot masu kauri. Lamba 4 leda ce mai laushi irin ta fiya wata da ta burodi. Lamba 5 ita ce robar tekawe mai murfi da bokitin bota. Robobi da yawa na kasuwa ba su da lamba ko kaɗan, to ga dabara: yanko guntu kamar girman farce, ka jefa a kofin ruwa ka danna shi da yatsa don iskar da ta maƙale ta fita. Idan ya taso sama, dangin 2, 4 ko 5 ne. Idan ya nutse kuma ba gorar lemo ba ce, akwai yiwuwar lamba 3 ce, wato PVC irin ta bututun ruwa, ko 6 mai tauri irin ta cokalin roba mai saurin karyewa, sai a cire ta daga buhun. Lamba 3 ta fi ɓarna, domin kaɗan daga cikinta kan lalata tarin PET idan an zo narkawa.

Wanki shi ne inda aka fi kuskure. Gorar lemo ɗauraya ɗaya da ruwan sanyi ta ishe ta. Ragowar ruwan wanke-wanke ma ya yi. Kada a zuba mata tafasasshen ruwa, domin PET na fara lanƙwashewa tun zafi bai wuce digiri 70 ba. Robar tekawe kuwa tana jure zafi, amma manja ne matsalarta, musamman a sanyin Jos na watan Disamba da yake daskarewa a jikinta kamar kakide. A fara kankare maiƙon da takarda ko cokali, sannan a jiƙa ta minti goma a ruwan ɗumi da ɗan omo kafin a sa soso. Jan da ya rage ba datti ba ne, rini ne, ba ya hana saye.

A cire murafu a tara su a leda daban, don su ba PET ba ne, lamba 2 ne ko 5. A kuma ware fararen goruna daga kore da ruwan ƙasa. Farar ta fi kuɗi saboda ana iya rina ta kowane launi. Sai a kife komai ya tsane sarai. Jiƙaƙƙiyar roba a ɗaure cikin buhu tana yin fumfuna da ɗoyi cikin 'yan kwanaki, kuma mai saye zai zaftare maka nauyin ruwan, har ya wuce.

Kafin ka tattake goruna, tsaya. Lafiyayyu masu murfi, waɗanda ba su karce ba, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna sayensu da ƙidaya, kuma hakan ya fi awon kilo riba nesa ba kusa ba. Irin waɗannan a wanke su da sabulu, a jiƙa su minti biyu zuwa biyar a ruwa lita 4 da aka sa wa babban cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi, a kife su bushe. Gorar da aka taɓa zuba wa fetur, kalanzir, fiya-fiya ko maganin feshin gona ba ta komawa abinci har abada, komai wanki. Roba tana shan su. A huda ta ma don kada wani ya tsinta. Sauran waɗanda suka lotse ko suka tsufa su ne ake takewa da ƙafa daga gindi zuwa baki. Gorar santilita 50 sai an tara kusan 40 zuwa 60 kafin a samu kilo ɗaya, don haka in ba a take ba, buhu zai cika da iska ne kawai.

Ledar fiya wata sai an yi haƙuri da ita, don ɗaruruwa ne ke yin kilo. A tsaga kowace da almakashi, a ɗauraye, a shanya cikin tsohon gidan sauro, in ba haka ba iskar hunturu ta watsa su unguwa. Gida ɗaya ba zai tara abin kirki ba. A haɗa kai da maƙwabta, ko a ajiye buhu a Islamiyya da gidajen biki. Mai lambu kuma yana da wata hanyar: a yanke saman ledar, a huda gindi wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a raini zogale ko gwanda. Ranar dashe a farke ledar a mayar da ita buhu.

Akwai waɗanda da wuya ka samu mai karɓa: ledar taliyar yara da ta biskit mai ƙyalli a ciki, don roba ce da aka manne da wani abu daban, sai kuma farar robar nan mai kama da soso, wadda jihar Legas ta haramta a Janairun 2024. Maganinsu shi ne a rage ɗaukowa. A je wa mai abinci da kular zuba abinci, a je kasuwar Farin Gada da jaka. Kada a hura gawayi da su, hayaƙin yana illa ga ƙirji, kuma kada a tura su kwata su gangara rafin Dilimi. Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar Yulin 2012 sun san abin da ruwa ke yi in ya rasa hanya.

Ranar sayarwa, tambayi farashin kilo a wurin mutum biyu ko uku, domin yana hawa yana sauka, kuma kowane iri a auna shi daban. Ka duba allurar sikeli tana kan sifili kafin a rataya buhu, ka kuma karɓi buhunanka ka koma da su gida.