Kurakuran da masu ɗaukar hoto suka fi yi kan lambar ISO

A wajen dina za ka ga masu hoto biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da Canon, ɗaya da Fujifilm, sun saita komai iri ɗaya: ISO (lambar ƙarfin karɓar haske na kyamara) 800, ƙofar lens f/2.8, saurin shata 1/125 na daƙiƙa. Da an koma situdiyo a Zoo Road sai a tarar hoton wannan ya fi na wancan duhu, a shiga cewa an sayar wa wane jabu. Galibi kyamarar lafiyarta ƙalau.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar ISO kamar kilo, alhali ya fi kama da kwanon awo, kowace kasuwa da nata. Ƙa'idar da ake bi, ISO 12232, ta fito a 1998, gyaran 2006 kuma ya shigo da sababbin hanyoyi biyu na ƙayyade lambar ISO. A ɗaya, REI, kamfani ne da kansa yake yanke hasken da yake ganin ya dace da hoto. A ɗayar, SOS, ana duba yadda launin toka ya fito a JPEG. Canon na bin ta farko, Fujifilm ta biyu. Shi ya sa idan DxOMark, cibiyar gwajin kyamarori, ta auna fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sau da yawa lambar da take samu ba ta kai wadda aka rubuta ba. Ni ban kira wannan ha'inci ba: kamfanoni kan bar sarari ne don kada fari ya ƙone.

Gyaran ba wuya. Samo katin toka mai kashi 18, wato mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske, jingina shi a inuwa, ka ɗauke shi da kyamarorin biyu a saiti ɗaya. Kada ka yarda da allon baya, ranar Kano na yaudarar ido; duba histogiram, jadawalin da ke nuna rabon haske da duhu a hoton. Bambancin da ka gani, ko rabin mataki ne (mataki ɗaya ninkin haske ne), rubuta shi a ɗan tef ka manna a gindin kyamarar. Lens ma da nasa laifin, don f/2.8 faɗin ƙofa yake nufi, gilasan ciki kuma suna cin wani abu daga hasken.

Sai masu tsoron ɗaga ISO. Yashi-yashin da ke ɓata fuskar amarya ƙarancin haske ne ya fi kawo shi. Wanda ya maƙale a 400 cikin zaure mai duhu, ya zo yana ƙara wa hoton haske a kwamfuta, sau tari nasa ya fi na mai 3200 muni.

ISO 50 mai alamar L kuwa, a kyamarori da yawa 100 ne aka cika wa haske sannan aka rage. Ka ɗauki hawan daushe da shi a Ƙofar Kudu, farar shadda da rawani su fito fes babu zare ko ɗaya, kuma Lightroom, manhajar gyaran hoto, ba zai dawo maka da su ba. Bar shi a 100, ka ƙara saurin shata.