Kurakuran da ake tafkawa wajen kallon finafinan da aka ciro daga tsofaffin wasannin dandamali

Duk wanda ya kalli Cat on a Hot Tin Roof na 1958 bai karanta wasan ba, da tambaya ɗaya yake tashi: wai me ke damun Brick ne? Ga matarsa Maggie, wato Elizabeth Taylor, tana ta bin sa da lallashi, shi kuwa Brick, wato Paul Newman, yana dogara sanda, kofin giya a hannu, ko kallonta ba ya son yi. An ce mutuwar abokinsa Skipper ce ta karya shi. To, wane irin aboki ne wannan? A nan masu sharhi ke fara ɓatan hanya, domin sun ɗauka fim ɗin shi ne wasan.

A wasan da Tennessee Williams ya rubuta, wanda aka fara nunawa a New York a 1955, ba a ɓoye zancen luwaɗi ba. Skipper ya bugo waya cikin maye ya furta abin da ke ransa, Brick ya kife wayar. Uban Brick ya tare shi da maganar ba kwana-kwana. Ɗakin ma da ake wasan a ciki na wasu maza biyu ne, Jack Straw da Peter Ochello, masu gonar na farko, waɗanda suka yi zamansu tare a cikinsa. Darakta Richard Brooks ya kauce wa wannan duka, ya mayar da ciwon Brick ya zama ƙuruciya da rashin samun ƙaunar uba. Har ya ƙara abin da babu a wasan: Brick ya shige banɗaki ya tusa fuska cikin rigar barcin Maggie, don mai kallo ya sakankance cewa yana sonta. Gyaran shi ne ka karanta wasan da biro a hannu, ka rubuta abin da aka cire da abin da aka ƙara. A ganina abin da aka ƙara ya fi tona asiri, don ba a yin faci sai inda riga ta yage.

Daga nan sai a faɗa wa kuskure na biyu, a ce darakta matsoraci ne. Duba shekarar fim tukuna. Dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda ake kira da sunan Will Hays, an rubuta ta a 1930, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, kuma ta hana batun luwaɗi da maɗigo, ko da a shaguɓe ne. Ga kuma ƙungiyar Katolika ta Legion of Decency, wadda a wancan lokacin in ta la'anci fim, kasuwarsa ta shiga uku. Darakta William Wyler ya isa misali. Wasan Lillian Hellman na 1934, The Children's Hour, labarin malamai mata biyu ne da wata ɗaliba ta yi wa ƙagen maɗigo. A 1936 Wyler ya yi fim ɗinsa da sunan These Three, ƙagen ya koma na neman saurayin ƙawa. A 1961, shekarar da aka sassauta dokar, shi dai Wyler ɗin ya sake yi da Audrey Hepburn da Shirley MacLaine, ya maido da ƙagen na asali. Mutum ɗaya ne, zamani ne ya sauya. Mai kallon finafinan Hausa ya fi kowa sanin wannan, tunda ya saba ganin an rufe ƙofar ɗaki kawai, ya kuma fahimci sauran.

Inda na fi ganin ana yi wa mutane rashin adalci shi ne wajen salon wasa. A fim ɗin A Streetcar Named Desire na 1951, wanda shi ma daga wasan Williams aka ciro shi, matasa da yawa kan ce Marlon Brando ne ya iya, Vivien Leigh kuwa ta cika iyayi da karairaya. Gaskiya ne makarantarsu ba ɗaya ba. Brando yana magana da abinci a baki, yana susa, yana haɗiye kalmomi, irin salon da ya samo tushe daga koyarwar Stanislavski, malamin wasan kwaikwayo na Rasha. Leigh daga dandamalin Ingila ta fito, ta riga ta taka rawar Blanche, jarumar wasan, a Landan a 1949 ƙarƙashin mijinta Laurence Olivier, kowace kalma a goge take fita. Amma Blanche ai mace ce da ke wasan kwaikwayo a rayuwarta: tana rage shekaru, tana gudun hasken fitila, tana yi wa talaucinta ado. Iyayin nata ne, ba na Leigh ba. Darakta Elia Kazan ya bar salon biyu suna karo da juna, kuma karon nan shi ne labarin. In kana so ka gane, kashe sautin ka kalli hannuwanta da idonta, sannan ka maido da sauti ka ji yadda muryar ke sauka ƙasa ta yi kauri duk lokacin da ƙarya ta ƙare mata. Ita ta ci kyautar Oscar a wannan fim, Brando bai ci ba. Sannan a daina cewa malamin wasa Lee Strasberg ne ya koyar da Brando. Shi da bakinsa malamarsa Stella Adler yake yi wa godiya.

A wurin Leigh ne kuma za ka ga yadda ɗan wasa ke cike gurbin da almakashi ya bari. A wasan, Blanche ta shiga ɗaki ta tarar da mijinta matashi tare da wani namiji da ya girme shi, daga baya a wurin rawa ta gaya masa yana ba ta ƙyama, ya fita ya harbe kansa. A fim an ce kawai yaro ne mai rauni, mai rubuta waƙoƙi. Kalmomin ba su kai nauyin mutuwar ba, fuskarta ce ta ɗauki ragowar.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Da zarar sun ji labarin wannan doka, duk maza biyu da suka haɗa ido sun zama masoya. Nemi hujja. A Rope na Alfred Hitchcock, 1948, wanda aka ciro daga wasan Patrick Hamilton na 1929, hujjar na nan: samarin biyu gida ɗaya suke zaune, tafiya ɗaya suke shiryawa, kuma marubucin fim ɗin Arthur Laurents ya faɗa daga baya cewa kowa a wurin aikin ya san zancen, ba mai furtawa ne kawai. Inda babu irin wannan a rubutu, ko a tarihin aikin, ka ce ra'ayinka ne. Kada kuma ka jawo rayuwar ɗan wasa ta bayan fage ka mai da ita shaida a kan rawar da ya taka.

Sai ka kula da wane kwafin fim ne ke hannunka. An yanke 'yan mintoci daga Streetcar kafin a sake shi, don Legion of Decency ta yi shiru, aka maido da su a 1993. Wasu na ɗauka wannan kwafin ya maido da labarin mijin Blanche. Bai maido ba, domin tun a takarda aka cire shi, kyamara ba ta taɓa ɗaukarsa ba.