Kwamfuta mai katin hoto biyu: kurakuran da aka fi yi

Wani ɗalibi ya kawo mini kwamfutarsa shago a Zengo, ransa a ɓace. Mai sayarwa ya ce masa katin hotonta jiga 4 ne, amma AutoCAD, manhajar zane, sai rarrafe yake. Na danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Gestionnaire des tâches, mai nuna aikin da injin ke yi, na shiga Performance, na ce: "Ƙanena, duba nan." Layin Mémoire GPU partagée ne ke nuna kusan jiga 4, katin kuwa Intel ne kaɗai, wato ƙaramin, babu babban kati irin na NVIDIA.

Wannan kuskuren ya fi kowane cin kuɗin mutane. Ma'ajiyar da ake kira dédiée ta katin ce shi kaɗai, tana manne kusa da shi, tana da sauri. Partagée kuwa aro ce daga RAM, ma'ajiyar da duk aikin kwamfutar ke amfani da ita, kuma Windows na yarda a ara har rabinta. Shi ya sa injin mai jiga 8 ke nuna 4, ko da ba shi da katin kirki. Kayan aro ba ya rufe katara: abin da hoto ya ɗauka, sauran aikinka ne ya rasa. Kafin ka biya, layin dédiée za ka karanta, ka kuma tabbatar akwai GPU 0 da GPU 1, wato kati biyu.

Wasu kuma suna da katin biyun, sai su rantse na NVIDIA ya mutu don sun gan shi a sifili. Barci yake. Tun 2010 da aka fito da tsarin Optimus na NVIDIA mai raba aiki tsakanin katin biyu, ƙaramin katin ke riƙe rubutu da kallon bidiyo, babban sai an zo aiki mai nauyi yake tashi. Wani lokaci Windows kan yi zaɓen tumun dare. Shiga Paramètres, Système, wajen allo, ka nemi saitin graphiques, ka ɗora manhajarka a kan Performances élevées. Ita kaɗai fa. In ka tilasta komai kan babban kati, ranar da aka ɗauke wuta batir ba zai kai ka la'asar ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kashe Intel a Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera sassan kwamfutar, wai don NVIDIA ya samu fili. A yawancin waɗannan injuna allon ta Intel yake samun hoto, babban katin miƙa masa aiki kawai yake yi. Kana kashe shi hasken allo ya daina raguwa, komai ya yi nauyi. Mayar da shi, ka sa direbobin katin biyu, wato manhajojin da ke sarrafa su, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Dabarar da wasu ke yi ta ƙara lambar dédiée a registre, rumbun saitin Windows, kuwa, lamba kawai take canzawa. Da ka ƙara sandar RAM ta biyu irin ta farko, da ƙaramin katin ya fi jin daɗi.

Sai zafinmu na Damagaram. A watan Afrilu injin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka kan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, mai shi ya ɗora wa kati laifi. Ɗauke shi daga kan katifa, a buɗe a share ƙurar, kuma ka jona caja duk lokacin da za ka yi aiki mai nauyi.