Ga waɗanda likita ya taƙaita musu abinci

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Duk wanda ciwon suga ko hawan jini ya raba shi da sukari, gishiri da soye-soye, ga shawarata: kafin ka sa hannu a kwano, ambaci abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ka gode wa Allah a kan kowanne. Kada ka zauna lissafin abin da aka hana ka, ta nan gunaguni ke shigowa.

Ku duba Fitowa sura 16. Shekara 40 Isra'ilawa suna cin manna, kullum na yini guda suke tarawa, sai jajibirin Asabar su tara na kwana biyu. Wanda ya ɓoye na gobe ya tarar ya yi tsutsa. Dogara ga Allah ake koya musu, kuma mu ma ita muke koyo. Daniyel kuwa da bakinsa ya roƙi kayan lambu da ruwa.

Ku ci a hankali, ku ajiye waya. Harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni. Don Allah masu allurar insulin, kada ku shiga azumi sai kun tambayi likita.